Tsuntsu Mai Aron Murya

Ku da ke zaune Bukkuyum da Anka da Gummi, ku saurara.

A cikin kurmi da sarƙaƙiyar bakin gulbi akwai wani ɗan tsuntsu wanda mutane da yawa sun ji muryarsa, amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Bayansa duhu ne, ƙirjinsa kamar jar ƙasa, a tsakiyar kansa kuwa fari fat kamar an shafa masa alli. Ana samunsa tun daga Sanagal har ƙasar Habasha. Wani Bafaranshe, Lafresnaye, shi ne ya rubuta kamanninsa a shekara ta 1838. A ƙasa yakan yi kiwo, yana tsintar ƙwari cikin busassun ganye. Da asuba da almuru yakan yi waƙa mai daɗi ƙwarai.

Ga abin mamaki: yawancin waƙar nan aro ce. Kukan wasu tsuntsaye yake kwaikwayo, har da fiton mutum in ya ji. Abin da kunnensa ya sha, shi bakinsa ke mayarwa.

Ɗan'uwana, ba haka kake ba? Tsuntsu ba shi da laifi, gama ba ya rarrabe gaskiya da ƙarya. Amma kai Allah ya ba ka hankali. A ƙasarmu yau, in aka ce wane ɗan rahoton ɓarayin daji ne, maganar nan kaɗai ta isa ta raba shi da gonarsa, ko da ransa. Wanda ya ji ta a kasuwa ya kai ta gida ba tare da ya bincika ba, hannunsa yana cikin alhakin. Manzo Yaƙub, cikin sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshe da wuta. Ku kuwa kun ga abin da wuta kan yi wa daji da rani.

Saboda haka kafin ka maimaita magana, ka tambayi kanka: na gani da idona? Zan iya faɗinta gaban mai ita? In ba haka ba, ka binne ta.

Ku iyaye kuma, ku sani 'ya'yanku masu aron murya ne. Zagin da suka ji a tsakar gida, shi za su kai rijiya. Addu'ar da suka ji, ita ma za su ɗauka.

Bari mu cika kunnuwanmu da Maganar Allah, domin ita ce za ta fito daga bakinmu. Ubangiji Yesu shi tsare harshenmu. Amin.