Jita Ɗaya Ta Isa? Tunani Kan Tara Kaya da Wadar Zuci

'Yan'uwa, akwai wani ciwo da ke damun makaɗan jita wanda likita ba ya rubuta masa magani. A shekarar 1996 wani shahararren makaɗi ɗan Amurka, Walter Becker na ƙungiyar Steely Dan, ya yi rubutu cikin raha a mujallar Guitar Player, inda ya raɗa wa abin suna, ya kira shi ciwon tara jita. Alamunsa sanannu ne. Mutum yana da jita mai kyau, amma barci ba ya ɗaukarsa sai ya sayi ta biyu. Ta biyun na shiga gida, sai ya lura cewa na'urarsa ta ƙara sauti ba ta dace da ita ba. Ya canza na'ura, sai kuma ga feda, wato ƙananan akwatunan nan da ake jerawa a ƙasa ana takawa da ƙafa domin su sauya muryar jita: wannan tana sa amo ya yi kauri, waccan tana maimaita shi kamar amsa-kuwwa cikin kogo, wata kuma tana sa shi karkarwa. Kafin shekara ta zagayo ɗaki ya cika da wayoyi, aljihu ya bushe, waƙa kuwa ko ɗaya ba a gama ba.

Ganin haka ne ya sa waɗansu makaɗa suka rungumi ra'ayin rage kaya: jita ɗaya, waya ɗaya, na'ura ɗaya, sauran duka a sayar ko a bayar. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce, shin ƙarancin kaya shi kansa nagarta ne? Tambaya ce da ta shafi tela da kafinta da uwargida a madafi, amma bari mu tsaya kan jita, gama a nan ne abin ya fi fitowa fili.

Da farko ya kamata mu gane abin da ke tura mutum ga tara kaya, domin ba kwaɗayi kaɗai ba ne. Koyon kiɗa aiki ne mai cin rai. Sabon ɗan koyo zai yi makonni yatsunsa suna zafi kafin su yi kanta, zai yi watanni kafin hannunsa ya iya tashi daga wannan kamu zuwa wancan ba tare da kiɗan ya yanke ba. Ci gaban da yake samu a rana ɗaya bai kai ya gani ba. Saye kuwa cikin sa'a guda ake gama shi, a dawo gida da sabon abu a hannu, zuciya ta ji kamar an matsa gaba. A nan ruɗin yake. Mutum ya ji daɗin da ya kamata ya ji bayan wahala, alhali bai sha wahalar ba. Idan kiɗan bai yi daɗi ba kuma, yana da wanda zai ɗora wa laifi: ai jitar ce, ai na'urar ce. Da wuya ka ji ya ce yatsuna ne. Masu talla sun san wannan rauni sarai, shi ya sa suke liƙa hoton gwani a jikin kowane kaya, kamar gwanintar tana cikin kwali. A yau ma ba sai an je kanti ba. Kwamfuta da wayar hannu suna iya kwaikwayon muryar na'urori barkatai, har mutum ya kwana yana zaɓe bai kaɗa komai ba.

Sai mu dubi wanda ya bi wata hanya dabam. Willie Nelson, mawaƙin Amurka da aka haifa a 1933, ya sayi wata jita ƙirar Martin a 1969, bayan da ta hannunsa ta lalace. Ya sa mata suna Trigger, sunan dokin wani ɗan wasan silima. Da wannan jita ya yi fiye da shekara 50 yana kiɗa, a dandali da ɗakin ɗaukar waƙa. Saboda yawan gogar hannu, katakon fuskarta ya cinye har ya huje, ya zama wani rami kusa da gindin tsirkiyoyi. Mutum ne da ke da halin sayen jita ɗari, amma sai ya riƙa kai wannan ɗin wurin mai gyara a birnin Austin ana lallaɓa ta. Lokacin da gidansa ya kama wuta ya shiga ya fito da ita. Da hukumar haraji ta ƙwace dukiyarsa a 1990 kuma, ya sa aka ɓoye ta. Wanda ya saba sauraronsa yana jin ƙara biyu zai gane ko wane ne, domin muryar mutumin da ta jitar sun riga sun zama abu guda.

Mene ne ya faru cikin waɗannan shekaru? Sanayya ce. Kowace jita tana da halinta, kamar yadda kowane doki yake da nasa. Akwai wurin da take amsawa da sauƙi, akwai wurin da sai an matsa mata. Idan aka kaɗa tsirkiya kusa da gindinta, amo yakan fito siriri mai kaifi. Idan aka matsa wajen wuya, sai ya yi taushi da zurfi. Kaɗawa da farce dabam, da tsokar yatsa dabam. Ƙarfin dannawa, tsawon riƙewa, da sanin lokacin da za a yi shiru, duk suna canza waƙa, kuma babu ɗayansu da ake saye. A jitar lantarki ma, ɗan maɓallin ƙara da ke jikinta yana iya yin rabin aikin da ake sayen feda dominsa, in dai mai ita ya zauna ya koyi juya shi. Har ila yau, kowace waya da kowace feda da aka ƙara tsakanin jita da lasifika wata ƙofa ce ta tangarɗa: doguwar waya tana rage kaifin amo, mahaɗi ɗaya ya saki sai komai ya yi tsit a tsakiyar taro. Wanda ke canza kaya kullum baƙo ne a wurin kayansa har abada. Hankalin mutum kuwa taƙaitacce ne, taura biyu ba ta taunuwa. Abin da aka kashe wajen murɗa maɓallai an zare shi ne daga sauraro.

To, da za mu tsaya a nan, da sai mu ce magana ta ƙare, kowa ya rage kaya. Amma akwai wani gefe da bai kamata a tsallake ba, musamman a wurinmu.

Ra'ayin rage kaya ya taso ne a ƙasashen da kaya suka yi wa mutane yawa. Wanda bai taɓa mallakar jita ba, ba ya bukatar a yi masa huɗubar rage ta. Mdou Moctar, makaɗin nan Ba'abzine na Jamhuriyar Nijar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, waƙoƙinsa kuma ta wayoyin hannu suka yaɗu a Sahel, daga wannan waya zuwa waccan. Da dama ta samu, ya riƙi jitar lantarki ta sosai, irin ta bahagwai domin shi bahago ne, ya zaga duniya da ita. Wa zai ce masa ya koma wayar birki don a ce ya fi tsarki? Haka kuma Django Reinhardt, wanda gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928 yana da shekara 18, yatsu biyu suka shanye. Ya ƙirƙiro wata sabuwar hanyar kiɗa da yatsun da suka rage, har ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita na Turai. Mun yaba masa, amma babu mai hankalin da zai yaba wa gobarar. Rashi rashi ne. Yakan fito da hazaƙar mutum ɗaya, ya binne ta mutum ɗari waɗanda ba za mu taɓa jin sunansu ba. Mai wadata da ke yi wa talauci kirari daga nesa, yana cewa su ne masu kiɗa na gaskiya, ya yi hattara, kada ya zama yana neman hujjar da za ta hana shi miƙa hannu.

Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne ya fi dacewa da abin da ake nufi. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, ƙaramin abu ne da za a iya sawa cikin aljihun babbar riga. Bayan ya yi suna ya sami abin hannu, ba abin da ya hana shi tara makaɗa da kayan zamani a bayansa, amma da kuntigi aka san shi har ƙarshe. Tsirkiya ɗaya ba ta da inda mawaƙi zai ɓuya. In babu magana mai ma'ana a bakinsa, nan take za a gane. Shi kuwa yana da ita.

Akwai kuma wani tarko na biyu, wanda ya fi na farko dabara. Rage kaya yana iya zama wani sabon ado. Mutum ya sayar da jita biyar ya sayi ɗaya mai tsadar biyar ɗin, sa'an nan ya riƙa duban maƙwabcinsa mai feda goma da ido na raini. Har yanzu zuciyarsa tana kan kaya, lissafin ne kawai ya juya. Dā yana alfahari da yawa, yanzu yana alfahari da kaɗan. Ƙidaya ma ba ta faɗin gaskiyar mutum. Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones yana da jita masu yawan gaske, amma shi ne ya cire tsirkiya ta shida ya bar biyar, saboda ya ga ta shidan tana shiga masa hanci, kuma da biyar ɗin ya kaɗa waɗansu daga cikin waƙoƙinsu da suka fi shahara. Brian May na ƙungiyar Queen kuwa, shi da mahaifinsa suka fara sassaƙa jitarsa a gida a 1963, wuyanta daga tsohon katakon murhu, da kwabon ƙarfe yake kaɗa ta, kuma da ita ya yi kusan dukan aikinsa. Amma a ɗakin ɗaukar waƙa yakan jera muryarta bisa muryarta har ta zama kamar taron makaɗa. A cikin su biyun wane ne mai kaɗan, wane ne mai yawa?

A ganina ma'aunin yana wurin waƙar. A farkon 1982 Bruce Springsteen ya zauna a ɗakinsa a jihar New Jersey, da jita da ƙaramar na'urar kaset mai layi 4, ya ɗauki waɗansu sababbin waƙoƙi domin kawai ya nuna wa abokan kiɗansa yadda suke. Daga baya suka shiga babban ɗakin ɗaukar waƙa da cikakkun kaya suka gwada su. Da ya saurara, sai ya ga yawancinsu sun rasa wani abu da ke cikin kaset ɗin. Labaran mutane ne da duniya ta juya wa baya, masu laifi da marasa aiki, yawan ganga da ƙara kuwa ya danne kaɗaicinsu. Sai ya fitar da abin da ke kan kaset ɗin, shi ne kundin Nebraska. Abin lura shi ne, bai ƙi kayan don ƙa'ida ba. Ya gwada, ya saurara, ya bi abin da waƙar ta nema. Shekara biyu bayan haka ya fitar da wani kundi cike da ganguna da na'urori, domin waɗancan waƙoƙin abin da suka nema ke nan. Wadar zuci a wurin makaɗi ita ce wannan 'yanci: ya iya ɗauka, ya iya ajiyewa, ba tare da kayan ne ke ba shi umarni ba.

Daga nan sai wata tambaya ta taso wadda masu rage kaya ba su cika yi ba: ina rarar take zuwa? Jitar da ta shekara a ƙarƙashin gado ba ta da laifi, amma an yi ta ne domin a kaɗa, kuma da wuya a rasa yaro a unguwa da ke leƙen ta. Wanda ya rage kaya don ɗakinsa ya yi kyau ya gyara ɗaki. Wanda ya ba da aron ta, ya kuma zauna ya nuna wa yaron kamu uku na farko, ya yi wani abu dabam.

Wannan magana ta shafi ƙungiyoyin mawaƙa na ikilisiyoyinmu ma. Sau da yawa idan aka yi taron neman kuɗi, abin da ake fara ambata shi ne manyan lasifiku da sabuwar na'ura, domin ikilisiyar maƙwabta ta saya. Ba a cika tambaya ba ko tsirkiyoyin da ke kan jitar da ake da ita sun yi tsatsa, ko akwai wanda ya iya saita ta daidai, ko mawaƙa suna zuwa koyo a kan lokaci. Ba na cewa babbar majami'a ba ta bukatar lasifika. Tsohuwar da ke zaune a baya tana da haƙƙin ji. Amma idan ƙara ta kai inda jama'a suka daina jin muryar kansu, sukan rufe baki su zama 'yan kallo, alhali an sayi kayan ne domin a taimake su su rera.

A daren jajibirin Kirsimeti na 1818, a majami'ar Nikolas Mai Tsarki da ke ƙauyen Oberndorf kusa da Salzburg, a ƙasar Ostiriya, wani matashin Fada mai suna Joseph Mohr da wani malamin makaranta, Franz Xaver Gruber, suka rera wata sabuwar waƙa. Fada Mohr ne ya rubuta kalmomin tun 1816, Gruber ya sa musu karin sauti. Muryoyi biyu ne da jita ɗaya a hannun Fada, mawaƙa suna amsa ƙarshen kowane baiti. Ita ce waƙar da Jamusawa ke kira Stille Nacht, wadda ake rerawa a harsuna da yawa duk Kirsimeti. Ambaliyar ruwa ta lalata majami'ar har aka rushe ta a farkon ƙarni na 20, aka gina ɗan ƙaramin ɗakin addu'a a gurbinta. Jitar kuwa tana ajiye a gidan tarihi a garin Hallein, inda Gruber ya ƙarasa rayuwarsa.