Ko Taurari Suna Da Iko Bisa Ran Mutum?

Ya ɗan'uwa, kai da ka shigo hanyar Yesu Kristi ba da daɗewa ba, da kai kuma da ka ke tambaya tukuna, ga wata magana wadda za ta iske ka har ƙofar gida. Ran da ka tashi neman aure, ko ka yi niyyar tafiya cin rani, ko kuwa yaronka ya kwanta ciwo, dangi za su ce maka, "Sai a je a duba tukuna." A nan Jama'a, da ƙauyukan da ke wajen Gwarzo da Kabo, kowa ya san hanyar gidan mai-duba. Za ya tambayi sunanka da na uwarka, ya lissafta haruffa, ya ce tauraronka na wuta ne, na yarinyar kuwa na ruwa, ba su haɗu ba. Da wannan kaɗai aure ya kan lalace tun ba a ɗaura ba.

Kada ka yi tsammani muna raina sanin taurari. Dattawanmu manoma suna duban Kaza da 'Ya'yanta, su san inda shekara ta kai. Masu-lissafi sun raba shekara cikin taurari 28, kowane kwana 13, sai ɗaya mai-kwana 14, duka 365. Wannan ƙidayar lokaci ce, ba laifi a cikinta, gama Littafin Farawa, sura ta 1, ya koya mana Allah ya sa haskokin sama domin rarrabe kwanaki da shekaru. Amma zakara yana shaida asuba, ba shi ne ke kawo ta ba. A shekara ta 1973 taurarin damina suka shigo kowane a kan lokacinsa, ruwa kuwa ya ƙi, fari ya cinye amfanin gona a ƙasar Hausa.

Sani na gaskiya ya kan yarda a gwada shi. Ran 29 ga Maris, 2006, rana ta yi husufi, duhu ya rufe Katsina da Gusau da hantsi. Masanan sararin sama sun faɗi ranar da sa'ar tun da sauran shekaru, gama sun auna tafiyar wata, sun san sa'anda za ya gitta tsakaninmu da rana. Da sun yi kuskure, da duniya duka ta gani.

An gwada duban taurari kuma. A shekara ta 1985 wani masani a Amurka, Shawn Carlson, ya buga labarin gwajinsa cikin mujallar Nature. Aka ba masu-duba ranar haihuwar mutum da sa'a da wurin, aka ajiye a gabansu bayanin halin mutum uku, ɗaya kaɗai nasa ne, aka ce su fid da shi. Suka dace kamar sau ɗaya cikin uku, watau daidai da abin da yaro za ya samu in ya rufe ido ya nuna da yatsa.

Ba sai ka je Amurka ba. Agustin, shugaban ikilisiya a Hippo, cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yau, wanda ya mutu a shekara ta 430, ya bi masu-duban taurari a ƙuruciyarsa, daga baya ya rabu da su. Ya kan ba da misalin Isuwa da Yakubu, tagwaye, waɗanda aka haifa ɗaya na riƙe da duddugen ɗaya, amma halinsu da rabonsu suka bambanta ƙwarai. In kuwa an ce maka asirin yana cikin suna, sai ka tuna uba ne ya raɗa shi ran bakwai. Shiga kasuwar Gwarzo, ka nemi masu-sunanka waɗanda uwayensu ke da sunan uwarka. Za ka iske wani da shanu, wani yana dako.

Watakila za ka ce, "Ai ya taɓa faɗa mini abu, ya kuwa faru." Hakanan ne. Wanda ya ce maka kana da maƙiyi a kusa, akwai kuma tafiya a gabanka, bai faɗi abin da ba ya kan sami kowane mutum ba. Ɗayan da ya dace a kan ba da labarinsa a dandali, goman da suka kuskure ba mai-tunawa da su.

Littafi Mai-Tsarki bai yi shiru ba. Ishaya, sura ta 47, ya yi wa Babila ba'a saboda masu-duban taurarinta, waɗanda ba su iya ceton ko da ransu ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun sani Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hani ga bugun ƙasa da neman gaibu wurin taurari. Wani za ya kawo zancen shehunan gabas da suka ga tauraro sa'anda aka haifi Yesu. Ka karanta Matta, sura ta 2, da kyau: sai da suka yi tambaya a Urushalima, aka sami amsa cikin littafin annabi, da suka isa kuwa, ga Yaron suka yi sujada.

Saboda haka, sa'anda dangi suka matsa maka, kada ka yi musu gardama mai-zafi, gama tsoro ne ya ke tura su, da ƙaunarka kuma. Ka amsa da ladabi, ka ce ka danƙa gobenka a hannun Ubangiji. In yaro ne ke zazzaɓi, akuyar da za a kai wa mai-duba a sayar da ita, a kai shi asibiti a Gwarzo ko Kabo tun ran nan, gama zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran rana mai-sa'a. Ka aika a kira 'yan'uwa masu-bi su yi addu'a tare da kai. In kuwa aure ne, ka bincika halin yarinya da bangaskiyarta, sa'an nan ku je tare a gwada jininku saboda amosanin jini, tun ba a kai kayan gaisuwa ba.