Samarin Cikin Littafi da Samarin Bakin Titi

Duk inda dattawa suka zauna yau, zance ɗaya ne: yaran zamani sun lalace. Shaye-shaye, daba, ƙwacen waya, rashin kunya. Kukan yana kan hanya. Sai dai da iyaye za su karkaɗe ƙurar littattafan Hausa da suka karanta suna 'yan makaranta, da sun tarar marubutan farko ba su ɗora wa matashi laifi shi kaɗai ba. Kusan kullum akwai hannun babba a cikin gyaruwarsa ko ɓacinsa.

A duba Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito bayan gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya. A cikinsa, wani yaro mai suna Kyauta ya tashi ɓarawo, har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. Amma ina mafarin abin? Malam Shehu ne ya sa dukiya ya raba Zainabu da Abubakar ya aure ta, shi kuwa Abubakar ya bazama neman asirin da zai rama a kan ɗan da za su haifa. Tun yaron bai zo duniya ba manya suka gama haƙa masa rami.

Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, ta fi kowane littafi sanin halin ƙuruciya. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi tare da jikansa Mahmudu, aka bar ɗansa Musa a gida, jini na tafasa, ba abin da yake so sai ya bi sawunsu. Ga Waziri a gefe yana ƙulla masa makirci. Akun da ke fadar bai daka masa tsawa ba, bai kira shi marar hankali ba, bai ma fito fili ya ce ba za shi ba. Labari ya riƙa ba shi, dare bayan dare, sai gari ya waye tafiya ta fasu. Imam ya gane cewa saurayi mai zafin kai ba ƙofa a kulle ke tsare shi ba, zama da shi ne da jan hankalinsa. Abin lura kuma, wannan jan aiki tsuntsu ne ya yi shi, alhali fada cike take da manya.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna ɗaya fuskar: yaro maraya, an sace shi, amma ya faɗa hannun Abdulkarim wanda ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu, har yaron ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilmi a wurinsa.

'Yan mata kam sun jima a bayan fage. A littattafan farko sau da yawa budurwa abar nema ce kawai, ba a cika jin ta bakinta ba. Sai da mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka ɗauki alƙalami aka ji ciwon yarinya kamar Abu ta Wa Zai Auri Jahila, wadda aka cire daga makaranta aka aurar.

To, jama'a su dubi gidajensu. Uba nawa ne ke zama hira da ɗansa mai shekara 15 ba don faɗa ba? Tatsuniyar dare ta yi ƙaura daga tsakar gida, dandali ya watse, an miƙa wa yaro waya an juya baya, sa'annan a dawo ana mamakin wanda ya yi masa tarbiyya. Wajibi ne iyaye su mayar da waɗannan littattafai cikin gida, su karanta tare da 'ya'yansu, maza da mata, su saurari abin da yaran suka fahimta kafin su faɗi nasu. Malaman Hausa su daina koyar da su don haddar jarrabawa kawai. Masu unguwanni da limamai kuwa, idan an kawo musu ƙarar yaro, su aika a kira uban tukuna, a ji yaushe rabon da ya tambayi ɗansa inda yake kwana da waɗanda yake yawo da su.