Wadan Turawa da Kuɗin Shara: Ana Koya wa Yaro Ƙauna da Launi?

Duk wanda ke da waya mai shiga intanet, ko a Wurno yake ko a Goronyo, in watan Fabrairu ya kama zai yi wuya bai ci karo da hoton wani ɗan guntun tsoho ba, mai gemu har ƙirji, da hula mai tsini wadda ta rufe masa idanu, sai hanci kawai ake gani, yana rungume da zanen zuciya. Ana buga wannan hoto a takarda fari fat, layi kawai, a miƙa wa yara su cika shi da fensir mai launi, su yanke, su ba iyayensu ko abokan ajinsu ranar 14 ga Fabrairu, watau ranar da ake kira Ranar Masoya. Aikin malamar aji bai wuce ta sauko da shi daga intanet ta kai wa mai inji ya buga mata kwafi talatin ba.

Da yawa daga cikinmu da jin sunan wannan rana sai mu ce ai magana ta ƙare, al'adar wasu ce, malamai kuma suna wa'azi a kanta kowace shekara. Ban zo in yi jayayya da wannan ba, kuma fatawa ba fagena ba ce. Tambayar da ta dame ni wata ce daban, kuma tana nan ko da an soke 14 ga Fabrairu daga kalanda: shin yaro yana koyon ƙauna ta hanyar cika layin da wani ya ja masa? In kuwa ba ya koyo, mu da muke raina takardar, me muke ba shi a madadinta, kuma wane yaro ne abin namu bai kai gare shi ba?

Bari mu fara da shi wadan. Turawa suna ce masa nom. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, shi ya fara amfani da sunan ga wasu iskoki da ya ce suna zaune cikin ƙasa. A ƙarni na 19 maginan tukwane a Jamus suka shiga gina su da yumɓu ana ajiyewa a lambu, kuma a 1847 wani attajirin Ingila, Sir Charles Isham, ya kai guda 21 gidansa. Amma wannan mai hula har hanci da ake ba yara, ya fi kama da wanda mutanen Suwidin ke kira tomte, 'yan Norwe da Danmak kuma su ce nisse. A wurin manoman can na dā, wannan ba abin wasa ba ne. Sun ɗauka iska ne mai tsaron gona da dabbobi, mai saurin fushi, wanda dole a ajiye masa kwanon fate da man shanu a daren Kirsimeti, in aka manta kuwa ya huce a kan saniya. Ɗalibin Hausa ba zai rasa gane wannan ba, don ya karanta yadda Maguzawa ke yi wa iskokin gida da na gona yanka. Abin lura a nan shi ne, halittar da a dā take bin mutane bashi, yau an cire mata haƙora, an rufe mata ido, ba ta neman kome a wurin kowa.

Ita ma ranar haka ta faru da ita. Asalinta tunawa ce da wani Kirista mai suna Balantin da aka kashe a Rum a ƙarni na 3 saboda addininsa. Sai a ƙarni na 14 mawaƙan Ingila suka haɗa ta da soyayya, a ƙarni na 19 kuma 'yan kasuwa suka shiga buga katuna ana sayarwa. A 1969 cocin Katolika kanta ta cire bikin daga babbar kalandarta. Ke nan wada marar bashi ya haɗu da rana marar nauyi, aka buga su a takarda ɗaya.

To, mu dawo gida. Bahaushe ba ya rasa kalmomi a wannan fage: akwai so, akwai soyayya, akwai ƙauna, akwai bege, akwai zumunci. Amma in mai karatu ya duba yadda ake renon yaro a ƙasar Sakkwato, zai ga ba da baki ake koya masa ko ɗaya daga cikinsu ba. Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, ina za ta ce masa tana son sa? Da aike ake koyarwa. A watan azumi yarinya ce ke ɗaukar kwanon kunu ta kai gidan gwaggo kafin a kira magariba. Ranar Sallah yaro ne ke bin gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya gaida kowa da sunan da ya dace da shi, wannan kawu, wannan inna, wannan baba ƙarami. Da layya shi ne mai rabon nama. Masu iya magana da suka ce zumunci a ƙafa yake, ƙafar yara suke nufi fiye da ta manya, don manya aikawa suke yi.

In kuwa ana neman ranar da ta fi kusa da ranar nuna ƙauna a al'adarmu, ni a ganina ba za a wuce cika-ciki ba, a watan Muharram. A lokacin ne taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, ke bin juna kuɗin shara, jikoki su tasa kakanni gaba, har abin ya tsallaka zuwa ƙabilu da garuruwa: Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe. Dubi yadda abin yake da ban mamaki. Ba wanda ke cewa ina ƙaunarka. Zagi ne da tsokana da kiran juna bawa, sannan a sa hannu aljihu. Ƙaunar tana zuwa ne a siffar bashi, kuma bashin yana da suna da fuska: wane ɗan gwaggona, shi nake bi, ba wani ba. Yaron da ya tashi a haka ya san cewa akwai mutanen da ke da haƙƙi a kansa ko ya so ko ya ƙi, ko sun yi faɗa jiya.

Aikin hannu ma ba baƙo ba ne ga yaranmu. A bakin fadamar Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, laka ba ta da tsada, yara maza suna gina shanu da raƙuma da ita, suna ƙera mota da karan dawa. 'Yan mata suna yin 'yar tsana da kara ko ƙashi, su yi mata kitso da zare, su ɗinka mata zane da ƙyallen da tela ya yar, har su yi mata biki su gayyaci ƙawaye a yi gara da tuwon ƙasa. Ba wanda ya ja musu layi. 'Yar tsanar Hajo ba ta kama da ta Tumba, kuma kowace ta san tata ko cikin duhu.

Wannan shi ne abin da wani malamin koyar da zane, Viktor Lowenfeld, ɗan asalin Ostiriya da ya koyar a Amurka, ya dage a kai tun bayan littafinsa na 1947. Ra'ayinsa shi ne littafin cika launi yana sa yaro ya dogara da zanen babba, ya daina yarda da nasa idon, har in an ce ya zana tsuntsu sai ya kwaikwayi na littafi maimakon wanda ya gani a kan reshe. In haka ne ga tsuntsu, ina ga ƙauna? Yara talatin, wada talatin iri ɗaya, zuciya talatin iri ɗaya, bambancin kawai wannan ya sa ja wancan ya sa ruwan hoda. Takardar ba ta san wa za a ba ba, saboda haka ba ta ce masa kome.

Sai dai adalci ya sa in kawo abin da zai rushe mini gini, kuma daga cikin gidanmu yake. Allon zayyana fa? Yaron da ya sauke Alƙur'ani ba shi ke zana allonsa ba. Malami mai zayyana ake kai wa sabon allo, ya ƙawata shi da baƙi da ja da rawaya da kore, da da'ira da murabba'i masu shiga juna, ba surar mai rai ko ɗaya, bisa tsarin da ya gada daga nasa malamin. Yaro ɗauka kawai yake yi ya zaga dangi, ya karanta, a sa masa albarka a ba shi kyauta. Ashe ke nan mu ma muna miƙa wa yaro layin da wani ya ja. Haka kuma gaisuwar Sallah ba shi ya ƙago ta ba, kuɗin shara ba shi ya yanka ba. Duk tarbiyya, in an bi ta a hankali, cika layi ce: ana koya wa yaro ya ce na gode tun bai san godiya ba, da fatan wata rana zuciya za ta cim ma baki.

Saboda haka ba layin ne aibi ba. Bambancin yana ga abin da ke bayan layin. Bayan allon zayyana akwai shekaru na tashin asuba da wanke allo da bulalar malam, kuma kowane gida da aka shiga da shi ya san wannan. Bayan kwanon kunu akwai gwaggo mai jira, wadda za ta tambaya in bai zo ba. Bayan wadan takarda akwai minti ashirin da fensir. Kyautar da ba ta ci wa mai bayarwa kome ba, kuma ba wanda zai yi rashin ta in ba ta zo ba, tana iya koya wa yaro riƙe fensir da haƙurin zama wuri ɗaya, waɗannan kuwa ba abin rainawa ba ne, amma ba na jin tana koya masa cewa wani yana da haƙƙi a kansa.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi na farko ci mini rai. A makarantun firamare da yawa a Amurka ƙa'ida ce, in yaro zai kawo kati ranar, to ya kawo wa kowa a ajin, har wanda ba ya shiri da shi, don kada wani ya koma gida hannu rabbana. Muna iya yi wa wannan dariya mu ce ƙaunar dole. Amma tsarinmu fa, wa yake bari a waje? Tsarinmu an gina shi a kan dangi da unguwa. Almajirin da aka kawo daga wani gari ba shi da taubashi a nan, ba wanda zai bi kuɗin shara, ranar cika-ciki sai dai ya samu ragowar tuwo. Kuma yau ba almajiri kaɗai ba ne. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar da take ci, mutum fiye da 40 suka rasu. Yaron da aka gudo da shi cikin dare, gwaggonsa tana wani gari, kakansa yana kabari, gidajen da ya saba bi ranar Sallah sun zama kufai. Ƙafarsa lafiya lau, amma ba inda za a aike ta. Irin wannan yaro, in muka ce masa al'adarmu ta wadatar, wace al'ada muke nufi?

Shi ma ban ce wadan takarda zai yi masa magani ba. A 2005 wasu ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch da suka ziyarci sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur a iyakar Chadi sun ba yara takarda da fensir mai launi don su samu abin yi yayin da ake hira da iyayensu. Ba su ce musu su zana kome ba. Yaran suka zana jirage suna sakin bama-bamai, da mahaya dawaki da raƙuma, da bukkoki suna cin wuta, da mata suna gudu. Da an ba su wada mai hula su cika, da sun cika shi tsaf, ba wanda zai san abin da ke cikin kansu. Farar takarda tambaya ce, tana cewa me ka gani. Zanannen hoto kuwa umurni ne, yana cewa ga abin da za ka gani. Yaron Tabanni tambayar yake bukata, sannan yana bukatar wanda zai karɓi takardar ya duba da gaske.

Wurno kanta tana da abin cewa a nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ita ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Ribaɗi gari ne na bakin daga, da ake tara mutanen da ba dangin juna ba, makiyayi da manomi da mai sana'a da malami, a ce su zauna su tsare juna. Waɗanda suka fara zama ba su tarar da taubasai a wurin ba, auratayya da maƙwabtaka suka haifar da su daga baya, watau zumuncin da muke tinƙaho da shi yau akwai ranar da wani ya fara ƙulla shi da baƙo. Malamar aji a Gandi ko Goronyo da ke da yara 'yan gari da yara 'yan gudun hijira a benci ɗaya ba ta bukatar intanet, ba ta kuma bukatar jiran Fabrairu. Muharram na zuwa, laka tana fadama, kara yana gona. Tana iya haɗa su biyu-biyu, ɗan gari da baƙo, ta ce daga yau kai da wane taubasai ne, kowa ya gina wa ɗan'uwansa abu da hannunsa, kuma baɗi war haka ana bin ka.