Haƙuri Daga Goyo Yake Farawa

A kasuwar Garwa, sa'ad da zafin Afrilu ya tsananta, za ka ga mai sayar da kifin Binuwai da jariri a bayanta. In ya fara kuka, sai ta jijjiga shi. In ya ƙi, ta sauko da shi kan cinya, ta kira sunansa, ta kaɗa masa makulli. Ya bi makullin da ido, ya yi shiru. Mukan ce lallashi ne kawai. Amma darasin farko na kamunkai ke nan.

Masu binciken rayuwar yara sun lura cewa tsakanin wata 3 da wata 6 ne jariri yake fara iya ɗauke ido daga abin da ya dame shi, ya mai da shi kan wani abu. Kafin ya ƙware, uwa ce take taimakonsa. Tana ara masa natsuwarta har ya sami tasa.

A shekarar 2017 masana daga Jami'ar Osnabrück ta Jamus suka ba da labarin gwajin da suka yi wa yara 'yan shekara 4. A ajiye wa yaro abin marmari, a ce in ya jira minti 10 za a ƙara masa. Cikin 'ya'yan manoman Nso na arewa maso yammacin Kamaru, waɗanda aka ajiye wa fanke, wajen 70 cikin 100 suka jira. Na Jamus ba su kai 30 ba.

Amma kada mu yi saurin fahariya. Shin duk yaron da ya yi shiru, mai kamunkai ne? Bulala ma tana kawo shiru, sai dai shirun yakan ƙare ranar da mai bulala ya ba da baya. Fulanin Garwa suna yabon munyal, wato haƙuri, amma tare da hakkiilo, wato hankali. Manzo Bulus kuwa ya lasafta kamunkai cikin albarkar Ruhu, tare da ƙauna. Abu ne mai tsirowa daga ciki, ba a cusa shi da tsoro.

'Yan'uwa, iyaye maza da mata, jaririnku yana neman idonku, idon kuwa yana kan waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu mai taushi. Wanda ba a taɓa saurararsa ba, yaya zai koyi sauraro?