Yaron Nan Na Wane Ne?

A Deule da ƙauyukan Buza da Keita da Madawa, maza da yawa sukan tafi cin rani Abijan ko Legas ko Libiya. Wani ya dawo da damina, wani ya yi shekara uku ba labari. Aure ya mutu. Mace ta koma gidan ubanta da goyo, ba a jima ba wani ya fito yana nemanta. Sai tambaya ta tashi: yaron nan na wane ne?

Al'ada tana da amsa. Yaro yakan zauna wurin uwa yana ƙarami, in ya kai kamar shekara 7 sai uba ya karɓe shi. A Nijar an shirya dokar iyali guda ɗaya, amma aka janye ta a 2011, saboda haka alƙali yakan duba al'adar mutanen. Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a 1990, wadda ta sa amfanin yaron a gaba.

Ɗan'uwa, al'ada ta faɗi gidan da yaro zai kwana, amma ba ta faɗi wanda zai tashi da dare in zazzaɓi ya kama shi ba. Uba yakan karɓi ɗa don kada a ce ɗansa agola ne a gidan wani, sa'an nan ya miƙa shi ga kishiyar uwa, ya koma Abijan. Wannan ba riƙo ba ne, girman kai ne. Uwa ma takan hana uba ganin ɗansa don ta rama abin da aka yi mata.

Ka karanta 1 Sarakuna sura 3. Mata biyu suka zo gaban Sulemanu suna jayayya a kan jariri. Da ya ce a raba shi da takobi, uwar gaskiya ta yarda ta rasa shi domin ya rayu. Da haka sarki ya gane ta.

'Yar'uwa, kafin a kawo goro, ki sa mai neman naki ya zauna gaban dattawan ikilisiya da kawun yaron. A tambaye shi a fili: zai ci tuwo kwano ɗaya da 'ya'yanka? Wa zai biya kuɗin makaranta da na magani? In ubansa ya zo ganinsa ranar kasuwa, za ka shimfiɗa masa tabarma?