In Namu Ya Shiga Kurkuku

A ƙasar Amurka kurkuku iri biyu ne. Akwai manyan gidajen yari, inda a ke kai waɗanda aka yanke wa ɗauri mai tsawo. Akwai kuma kurkukun gunduma. Ƙasar tana da gundumomi fiye da 3,000, galibinsu kowace da nata kurkuku, a hannun wani babban ɗan sanda da a ke kira sherif, wanda mutanen gunduma su ke zaɓa da ƙuri'a. Nan a ke ajiye wanda aka kama daren jiya, da mai jiran shari'a, da wanda ɗaurinsa bai wuce shekara guda ba. A tsakiyar shekarar 2022, mutum wajen 660,000 ke tsare a waɗannan gidaje da irinsu na birane. Kamar 7 cikin 10 kuwa, shari'a ba ta riga ta same su da laifi ba.

Kusan kowannensu yana da wani a waje, uwa, ko mata, ko ƙane, wanda aka buga wa waya da tsakar dare. Tambayar da ke gaban wannan mutum ita muke so mu duba tare, 'yan'uwa, gama tambaya ce ta duk mai zumunta. In namu ya shiga kurkuku, mene ne hakkinsa a kanmu? Ina kuma iyakar wannan hakki?

Waɗansu za su ce, “Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A bar shi ya ji jiki, ko ya yi hankali.” Sau da yawa kunya ce ke magana, ba adalci ba. Da fari dai, kamawa dabam, samun laifi dabam, kamar yadda lissafin nan ya nuna. Na biyu, ko da ya yi laifin, horo aikin alƙali ne. Doka ta hana shi fita da shiga, amma ba ta raba shi da uwarsa ba. In muka juya masa baya, mun ƙara masa hukuncin da ba alƙalin da ya yanke. A cikin Matta sura 25 an lissafa ziyarar ɗaurarre tare da ciyad da mayunwaci, ba a kuwa sa sharaɗin a fara bincika ko yana da gaskiya ba. Saboda haka taimako ba ya jiran ranar hukunci.

Ba ya kuma jiran mako mai zuwa. Lissafin gwamnatin Amurka na shekarun 2000 zuwa 2019 ya nuna mutum ya kashe kansa da kansa shi ne kan gaba cikin sanadin mutuwa a waɗannan kurkuku, da yawa kuwa cikin makon farko ne. A watan Yuli na 2015 aka kama wata mace mai suna Sandra Bland a jihar Teksas, bayan ɗan sanda ya tsai da motarta. Aka sa belinta dala 5,000. Kwana uku bayan kamun, kafin a fid da ita, aka tarar da ita matacciya a kurkukun gundumar Waller. Kwanakin farko su ne na tsoro da fid da zuciya. Don haka mai ƙauna ya kan yi hanzari. Ya binciko inda aka kai mutum, da lambar da aka ba shi. In yana shan magani kullum, ko ya taɓa maganar kashe kansa, a gaya wa ma'aikatan kurkuku nan da nan. A zuba masa 'yan kuɗi a asusunsa na ciki, domin sabulu da takarda da waya, gama galibi ba a yarda a miƙa kaya hannu da hannu. A rubuta wasiƙa. A je ziyara, gama zumunta a ƙafa ta ke.

Wata tsohuwa makauniya a birnin Washington, Martha Wright, ta nuna mana wannan. Jikanta ya yi laifi, an ɗaure shi a nesa, ba ta kuwa iya rubutu da karatu sabili da idonta, sai waya. Kuɗin wayar kurkuku ya yi tsada ƙwarai, amma ba ta daina amsa kiransa ba. A 2000 ta kai ƙara tare da waɗansu. Ta rasu a 2015, sa'an nan a Janairu na 2023 aka sa hannu a kan wata doka mai ɗauke da sunanta, wadda ta ƙara wa hukuma ikon daidaita kuɗin waya a gidajen yari. Ba ta ce jikanta ba shi da laifi ba. Ta dai ƙi yarda ya zama marar kowa.

To, ina iyaka? Iyakar farko ita ce gaskiya. A kan ɗauki muryar masu magana ta wayar kurkuku, lauyan gwamnati kuma yana iya saurara. Don haka ba a tattauna shari'ar ta waya, sai a bar wa lauya. Tun 1963 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa matalaucin da a ke tuhuma da babban laifi, dole a ba shi lauya kyauta. Yin shiru ba ƙarya ba ne. Amma in namu ya ce mu ɓoye wani abu, ko mu rantse yana gida alhali ba ya nan, ko mu lallashi mai shaida ya sāke magana, sai mu ƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya kan kuma jawo mai taimako ya tarar da wanda ya zo taimako a ciki.

Iyaka ta biyu, wanda aka cuta. Wani lokaci shi ma na gida ne, kamar matar da aka doka. Ba daidai ba ne mu matsa mata ta janye ƙara don a rufa asirin dangi. Ita ma tamu ce.

Amma tambaya mafi wuya ita ce ta beli. In alƙali ya yanka kuɗi, iyali suna iya biya duka ga kotu, a mayar musu in mutum ya halarci kowane zama. In ba su da shi, akwai 'yan kasuwan beli. Su kan karɓi kamar kashi 10 cikin 100, wannan kuwa ba ya dawowa ko da an sallami mutum. Wanda ya sa hannu kuma ya ɗauki lamunin kuɗin duka, wani lokaci har da jinginar da mota ko gida. Jihar Ilinoyi ta soke belin kuɗi a Satumba na 2023, amma yawancin jihohi suna nan da shi.

Dalilin biya yana da ƙarfi. Mutumin da ya yi 'yan makonni a tsare ya kan rasa aikinsa, wani har da ɗakin haya. Waɗansu su kan amsa laifi don kawai su koma gida. Amma dalilin yin hattara ma yana da ƙarfi. Littafin Misalai ya gargaɗi mai ɗaukar lamuni fiye da sau ɗaya, domin bashin wani yana iya cinye gidansa.

A ganinmu beli ba kuɗi kaɗai ba ne, alkawari ne. A 1841 wani baduku mai ɗinkin takalma a birnin Boston, John Augustus, ya tsaya wa wani mashayi a kotu. Bai biya ya tafi abinsa ba. Ya ɗauki nawayarsa, ya lura da shi, bayan mako uku ya komo da shi gaban alƙali a natse. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa mutum kusan 2,000, kaɗan ƙwarai suka gudu. Asirinsa shi ne, ya ba da kansa tare da kuɗinsa.

Saboda haka kafin mu sa hannu, mu tambayi kanmu abu uku. Za mu iya kai shi kotu kowace rana da aka sa? In ya fito, akwai wanda zai shiga hatsari? In kuɗin ya salwanta, 'ya'yanmu za su kwana da yunwa? In hanya a buɗe ta ke, mu biya, kada mu yi jinkiri. In ba haka ba, ƙin biya ba yasarwa ba ce, muddin mun gaya masa dalili ido da ido, muka kuma ci gaba da ziyara, da wasiƙa, da bin sawun lauya. Sai dai kada wani ya ce zai bar ɗansa a ciki don ya rabu da ƙwaya ko giya. Kurkuku ba asibiti ba ne. Yanke shan waɗannan farat ɗaya, ba tare da likita ba, yana iya kisa.

Mu da ke maƙwabtaka ma muna da rabo. Matar ɗaurarre ta kan daina zuwa taro don gudun ido. Mu riga ta zuwa, mu riƙe mata yara ranar ziyara, kada mu tambaye ta abin da ya yi.

Magabata sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne. Amma ba a kuma naɗe shi da tsumma a ce lafiya lau. Wankewa a ke yi, a sa magani ko da zafi, a sāke dubawa gobe. Haka za mu yi da namu, har ran da ƙofa ta buɗe.